Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikin Tattara Jerin Kogunan da Jirgi Ke Bi a Nijeriya

Assalamu alaikum. Ga tambayoyin da aka fi yi mana tun da muka kira gayyar haɗa jerin koguna, tafkuna da haƙaƙƙun hanyoyin ruwa da jirgi ke bi a Nijeriya. Duk mai niyyar aiko da bayani, muna roƙonsa ya natsu a kan abin da ya shafi watannin da ake bin ruwan da irin jirgi, domin a kansu aikin ya tsaya.

Wane irin jeri ne kuke haɗawa?

Jeri ne da Hausa na duk ruwan da ake shiga jirgi a kansa a ƙasar nan, tun daga Kogin Kwara, wato Neja, da Binuwai har 'yar ƙoramar da ba a fito a kanta sai tsakiyar damina. Kowane ruwa muna so a san inda ya taso, inda ya zuba, garuruwan da ke bakinsa, kowace kwata da jirage ke tsayawa, irin jirgin da zai iya bi, watannin da ake bi, da abin da ke tare hanya, ko dutse ne, ko yashi, ko dam, ko gada mai ƙasa-ƙasa, ko ciyawa. 'Yan sa kai ne ke yi, kowa ya kawo abin da ya sani game da ruwan garinsu.

Ai gwamnati tana da hukumar ruwa. Ba ta riga ta yi wannan ba?

Tana da ita. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, an kafa ta a 1997, hedikwatarta na Lokoja inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Dokar da ta kafa ta tana ɗauke da jadawalin ruwayen da ke hannun gwamnatin tarayya, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da ikonta a shari'ar da aka daɗe ana yi da Jihar Legas. Wannan jadawalin muka fara ɗorawa a kai. Sai dai an rubuta shi ne domin a san wa ke da iko da wane ruwa, wa zai ba da lasisi, wa zai karɓi kuɗin shiga. Ba zai gaya wa ɗan kasuwar da ke son sauko da shinkafa daga Yawuri ba ko jirginsa zai wuce a watan Afrilu.

Ko a kan jimillar tsawon hanyoyin ma ba a yi ittifaƙi ba. Za ku ji an ce sun haura kilomita 10,000, za ku ga an rubuta 8,600, wani wurin kuma a ce waɗanda ake iya bi kusan 3,800 ne. Ba lalle wani ya yi ƙarya ba. Kowa da abin da ya ƙirga: wani ya haɗa da rassan ruwan Neja Delta, wani ya tsaya a inda babban jirgi ke shiga, wani ya ƙirga na damina kaɗai. Mu so muke duk wanda ya ga adadi a jerinmu ya ga abin da aka tara aka same shi.

Me kuke nufi idan kuka ce jirgi yana bin kogi?

Nan ne aka fi samun saɓani da masu aiko mana da bayani, don haka za mu tsaya a kai.

Idan mutum ya rubuto cewa "ana bin Kogin Kaduna da jirgi", ya faɗi gaskiya, amma babu wanda zai amfana da ita. Wane ɓangare na Kaduna? Wanda ya ratsa cikin garin Kaduna mai duwatsu, ko wanda ya sauka daga Wushishi zuwa Muregi inda ya zuba a Kwara? Wane jirgi? A wane wata? Kogi ba kwalta ba ne da za a ce an shimfiɗa shi an gama, motar da ta bi yau ita za ta bi baɗi. Yashin da ke hagu bana yana iya komawa dama bayan ambaliya guda.

Saboda haka ba ma karɓar kalmar "ana bi" ita kaɗai. Mun kasa jirage gida huɗu. Akwai ƙaramin kwalekwale na masunta, wanda ake tuƙawa da filafili ko a tokara da gwangwala. Akwai jirgin katako mai inji da ke kwasar mutane da kaya ranar kasuwa. Akwai jirgin fito na ƙarfe mai ɗaukar mota, irin wanda aka sani a Ibi a kan Binuwai. Sai manyan jiragen dako masu shimfiɗaɗɗen ciki, waɗanda ake ja ko a tura. Ruwan da na farko zai wuce cikin sauƙi, na biyu yana iya kafewa a ciki, na huɗu kuwa ko kusa ba zai zo ba. A Turai ma haka suke yi, tun 1992 suna da tsari guda da ya raba hanyoyin ruwa aji-aji gwargwadon girman jirgin da zai iya shiga. Nasu tsarin na manyan jiragen kaya ne. Namu dole ya fara daga kwalekwale, domin shi ne jirgin talaka.

Akwai kuma bambanci tsakanin fito da tafiya. Fito shi ne tsallakar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Tafiya ita ce bin tsawon ruwa daga gari zuwa gari. Koguna da yawa a Arewa ana fito a kansu kowace damina, wani wurin ma da gora, alhali ba wanda ya taɓa bin tsawonsu da kaya. Duka biyun muna rubutawa, amma kowanne a gurbinsa.

Me ya sa kuka matsa sai an faɗi wata?

Domin kogunanmu biyu manya ma ba lokaci ɗaya suke cika ba.

Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,400, daga tsaunukan Adamawa na Kamaru ya taso, kuma ruwan saman yankinsa yake bi kai tsaye. Yana tasowa da sauri daga Yuni zuwa Yuli, ya tumbatsa a Satumba da Oktoba, kafin ƙarshen Nuwamba ya fara janyewa ya bar tsibiran yashi. Shi ya sa a zamanin da jiragen kamfanoni ke hawa har Garwa ta Kamaru su kwaso auduga da gyaɗa, 'yan makonni kawai suke da su wajen Agusta da Satumba. Jirgin da ya yi nawa sai ya kwana a can har wata damina.

Kwara kuwa cika biyu yake yi a shekara. Ta farko ta ruwan saman da aka yi a nan kusa ce, tana zuwa da laka, tana kai ƙarshe a Satumba da Oktoba. Ta biyu ruwan saman Gini ne, can inda kogin ya taso. Wannan ruwa yana shiga makekiyar fadamar Mali da ke tsakanin Mopti da Tumbuktu, ya bazu, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso Yamai wajen Disamba da Janairu, ya shigo Kabi da tafkin Kainji cikin hunturu. Masana ruwa suna kiran ta farko farar cika, ta biyu baƙar cika. Wato lokacin da mutumin Numan ke kallon yashi a tsakiyar Binuwai, mutumin Yawuri yana da ruwa. Ƙarancin Kwara sai bazara, kuma yana iya yin tsanani: a Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai.

Sannan ga madatsun ruwa da suka sauya lissafin kakanni. Kainji tun 1968, Jebba da Shiroro daga baya, Kiri da Dadin Kowa a kan Gongola, da Lagdo ta Kamaru da aka gama a 1982. A ƙasan kowace madatsa, zurfin ruwa yana bin ranar da aka buɗe ƙofa ne, ba ranar da aka yi ruwan sama kaɗai ba. Mutanen jihohin Adamawa, Taraba, Binuwai da Kogi ba su manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba.

Wani abu da muke roƙo a kula da shi: dattijo zai ce muku "bayan Babbar Sallah ruwa ke janyewa". Watan Musulunci yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, don haka Sallar da yake tunawa ba lalle ta faɗo a lokacin Sallar bana ba. Ku tambaye shi da aikin gona: lokacin girbin gero ne, ko bayan an cire gyaɗa, ko da sanyin hunturu? Wannan ba ya gocewa.

Don me kuke yanka kogi gunduwa-gunduwa maimakon a rubuta shi layi ɗaya?

Ku ɗauki Kwara. Tsawonsa gaba ɗaya kusan kilomita 4,180 ne, ya ratsa Gini, Mali, Nijar, ya bi iyakar Benin, ya shigo Nijeriya ta wajen Dole Kaina da Lolo a Jihar Kabi. Daga nan zuwa Yawuri hali ɗaya ne. Daga Yawuri zuwa madatsar Kainji tafki ne mai faɗi, mai iska da igiyar ruwa, kuma a ƙarƙashinsa tsohuwar Busa take, da duwatsun da Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a cikinsu a 1806. Da aka cika tafkin an tashi mutane fiye da 40,000, itatuwan garuruwansu da gonakinsu kuwa da yawa suna nan tsaye a cikin ruwa. Tsakanin Kainji da Jebba wani tafkin ne. A madatsun biyu an gina wa jirage wurin ratsawa, wani ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya, ana cika shi ko a rage ruwansa don a ɗaga jirgi ko a sauke shi. Daga Jebba zuwa Patigi da Baro kogin ya buɗe cikin fadamun Nufawa. Daga Lokoja zuwa Idah da Onitsha ya ƙaru da ruwan Binuwai. Ƙasan Aboh ya rabu biyu, Forcados da Nun, daga nan kuma sai rassa barkatai har teku.

Duk wanda ya haɗa waɗannan a layi ɗaya ya rubuta "ana bi", ya haɗa ruwa shida ko bakwai da ba su yi kama da juna ba. Ƙa'idarmu ita ce a yanka a duk inda hali ya sauya: mahaɗar koguna, madatsa, duwatsu, ko babbar kwata.

Wane suna za a rubuta idan kogi yana da sunaye da yawa?

Sunan da mutanen bakin ruwan ke kira shi ake sawa a gaba, sauran su biyo baya, kuma ba a zubar da ko ɗaya. Kwara shi ne Neja, shi ne Isa Ber a bakin Zabarmawa, Joliba a Mali da Gini, Edu a wajen Nufawa, Oya a wajen Yarbawa. Wannan kowa zai gane. Inda ake ruɗewa shi ne ƙananan koguna da ke sauya suna gari-gari. Ruwan da Kogin Kano da Challawa suka haɗu suka bayar, a Wudil Kogin Wudil ake ce masa, a gaba ya zama Kogin Haɗeja. Jama'are a samansa Bunga ne. Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, ruwan ya wuce Argungu da Birnin Kabi, wasu su ce Rima, wasu su ce Gulbin Kabi. Idan ba a yi hattara ba, sai kogi ɗaya ya shiga jeri sau uku, jimillar kilomita ta kumbura a banza. Shi ya sa muke neman kowane suna ya zo da sunan gari biyu, na sama da na ƙasa.

Shin Nijeriya tana da kanal ɗin jirgi kuwa, wato haƙaƙƙiyar hanyar ruwa?

Kaɗan ne ƙwarai, kuma gara a faɗi haka da a cika jeri da abin da ba shi ba. Ingila ta haƙa dubban mil na kanal tun kafin jirgin ƙasa ya zo, domin jigilar kwal da kayan masana'anta. Mu ba mu bi ta wannan zamani ba. A Legas akwai kanal ɗin MacGregor da aka haƙa tsakanin tsibirin Legas da Ikoyi, aka sa masa sunan gwamnan da ya yi mulki daga 1899 zuwa 1904, kuma yawancinsa an cike shi yanzu. A Neja Delta kamfanonin mai sun yanka hanyoyi cikin dazukan ruwa don kai kayan haƙa. A Tafkin Chadi an haƙa hanyoyin janyo ruwa a Baga da Kirenowa don noman rani, sai tafkin ya ja da baya ya bar su. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba.

Kanal ɗin da Bahaushe ya fi sani shi ne na noman rani, irin na Kadawa da Kura da ke shan ruwan Tiga, ko na Bakolori. Waɗannan ba don jirgi aka yi su ba, kuma ba sa shiga babban jeri. Mun ware musu shafi dabam don kada wani ya sake kawo su.

Kogunan can Arewa, irin su Haɗeja da Yobe da Zamfara, da rani yashi ne. Su ma a rubuta?

Ƙwarai kuwa, su ne ma suka fi buƙatar a rubuta, domin ba su cika shiga littattafan hukuma ba. A fadamar Haɗeja da Nguru akwai ƙauyukan da in damina ta yi nisa ba a isa gare su sai da kwalekwale, mai naƙuda da marar lafiya duk ta nan ake fitar da su. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, yadda ruwa ke sauka ya sauya, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi, ruwa mai yawa ya karkata ta hanyar ruwan Marma zuwa tafkin Nguru ya bar tsohuwar hanyarsa. Hanyar da uba ya bi da jirgi, ɗansa yana iya samun ta cike da kachala fiye da tsayin mutum. Wannan sauyi in ba a rubuta shi yanzu da masu tuna tsohuwar hanya suke raye ba, ya tafi ke nan.

Haka Gulbin Ka, Gulbin Zamfara, Gongola, Donga, Taraba da Katsina-Ala. Ko wata biyu ake shiga jirgi a kansu, a rubuta wata biyun.

Tafkin dam fa?

Yana shiga, matuƙar mutane na hawa jirgi a kansa. Dam ɗin Watari a Bagwai ba ya cikin manyan hanyoyin ruwa na ƙasa, amma a kansa jirgi ya kife a ƙarshen Nuwamban 2021 da mutanen Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Ruwan da ya isa ya ci rai ya isa a rubuta shi.

Ban yi boko mai zurfi ba. Zan iya taimakawa?

Ku ne ma muke nema. Matuƙin jirgi, masunci, mai fito, ɗan dako a kwata, matar da ke bin jirgin kasuwa da kifi ko shinkafa kowane mako, waɗannan sun san ruwa fiye da mai digiri da bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Wanda ba ya rubutu ya yi magana a waya, a naɗa, wani ya rubuta. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami, akwai masu juyawa.

To, me zan aiko takamaimai?

Sunan ruwan da sauran sunayensa. Daga wane gari zuwa wane gari kuke magana. Irin jirgin. Watannin da yake bi da watannin da ba ya bi. Awa nawa ake yi, da inji ko da hannu, hawa ko gangara, domin ba ɗaya ba ne. Wuraren haɗari. Ranakun kasuwar da jirage ke cika. Sai abu biyu da ba ma karɓar bayani in babu su: yadda kuka sani, da shekarar da abin ya kasance haka.

Zurfi ba sai da mita ba. In matuƙi ya ce iya gwiwa, iya ƙugu, iya wuya, ko ya shanye gwangwala, ku rubuta yadda ya faɗa. Kada ku mayar da shi mita da ka, domin adadin da aka ƙirƙira ya fi rashin adadi illa.

Yaya zan tunkari dattawan bakin ruwa?

Da ɗan gari akan ci gari. Ku fara da Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi, ko shugaban masu jirage na kwatar, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku faɗi ko ku wane ne da abin da ya kawo ku. Ku bayyana tun farko cewa ba daga ofishin haraji kuke ba, kuma ba ku zo ƙirga jirage ba. Kada ku zo da takarda kuna jero tambaya kamar ɗan sanda. "Baba, da can ta ina kuke bi zuwa kasuwar gaba?" ta fi buɗe baki a kan "kogin nan mita nawa ne?" In ya shiga labarin shekarar da ruwa ya ci gari, ku bar shi ya gama, a cikin labarin ake samun shekara da sunan wuri. A wajen Sarkawan Kabi da Gungawan Yawuri da Kede na ƙasar Nufe sanin ruwa gado ne, akwai abin da za su faɗa, akwai wanda ba na baƙo ba ne. Abin da aka hana ku, ku bar shi.

Ba ma rubuta sunan kowa sai da izininsa. "Wani matuƙi a kwatar gari kaza, damina ta shekara kaza" ya wadatar.

Idan mutum biyu suka kawo bayanin da ya saɓa fa?

Ba ma goge ɗaya don ɗaya. Mukan ajiye su gefe da gefe, kowanne da shekararsa da madogararsa, sannan a nemi na uku. Sau da yawa duka biyun gaskiya ne, ɗaya yana maganar kafin ambaliyar 2012, ɗaya bayanta, ko ɗaya yana nufin kwalekwale ɗaya jirgin inji. Wanda ya bi ruwan da kansa muna fifita shi a kan wanda ya ji, wanda ya ji daga matuƙi muna fifita shi a kan wanda ya karanta. Gani ya kori ji, amma ganin shekara ashirin da suka wuce ba ya korar jin bana.

Abin da ba ma yarda da shi shi ne a kumbura ruwan gari don kishin gari. Mun san kowa yana so a ce kogin garinsu babba ne, wataƙila gwamnati ta kawo tasha. Amma in aka rubuta ana bi duk shekara alhali ba haka ba, wani zai loda kaya ya dogara da maganar.

Tsofaffin takardun Turawa suna da amfani?

Suna da shi sosai, in an san yadda za a karanta su. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, su suka bi Kwara daga Busa har teku a 1830. A 1854 wani Bature, Baikie, ya hau Binuwai da jirgi mai tururi. Kamfanin Royal Niger da ya samu izinin sarautar Ingila a 1886 a kan ruwan nan ya gina duk cinikinsa. A 1959 wani kamfanin injiniyoyin Holan, NEDECO, ya fitar da babban binciken Kwara da Binuwai, da awon zurfi da na gudun ruwa. Duk waɗannan kafin Kainji da Lagdo ne, don haka suna gaya mana yadda kogin yake a da.

Tarihin kansa ma yana nuna inda jirgi ke tsayawa. Da Lugard, shugaban Turawan mulki na Arewa, ya mayar da hedikwatarsa Zungeru, sai da aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo zuwa Barijuko a bakin Kogin Kaduna, saboda jirage ba sa iya ƙarasowa. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 daga Baro aka faro shi, domin nan jiragen ruwa ke iya kawo ƙarafa. Bayan an haɗa layin Legas aka gama gadar Jebba, Baro ta yi sanyi. A 2009 marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, a Janairun 2019 kuma aka buɗe sabuwar tashar Baro. A jerinmu irin wannan wuri yana da layi biyu: abin da aka gina, da abin da jirage ke yi a wurin a zahiri. Na biyun sai wanda ya je ya gani zai cike shi.

Hoton tauraron ɗan'adam da ke cikin waya bai isa ba?

Yana taimakawa wajen auna nisa da gano inda koguna suka haɗu, muna amfani da shi kullum. Amma hoton rana ɗaya ne, sau da yawa na rani saboda lokacin babu gajimare, kuma ba ya nuna zurfi ko kututturen da ke ƙarƙashin ruwa. Mutumin da ya rubuta jerin kanal da kogunan Ingila da Wales da aka buga a 1904, Henry de Salis, shekara 11 ya yi yana bin su da jirginsa kafin ya rubuta. Mu ba mu da mutum ɗaya mai wannan hali da sarari, amma muna da mutane a kowace gaɓa.

Me ya kawo haɗurran jirgi cikin jerin koguna?

Domin wuri ɗaya yakan ci jirgi fiye da sau ɗaya. A Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski da mutane masu yawa. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki da dare. Dalilan da ake ambata kusan kullum ɗaya ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, rashin rigar kariya, da karo da kututture ko dutse. Huɗun farko aikin hukuma ne da masu jirage da fasinjoji. Na ƙarshen kuwa sani ne, kuma sani ana iya rubuta shi. In matuƙan wuri sun san akwai kututture a kwana kaza, babu dalilin da zai sa baƙon matuƙi ya gano shi da cikin jirginsa.

Muna rubuta wuri, wata, shekara da abin da ya jawo, in an tabbatar. Ba ma sa sunan mamaci ko hoton gawa.

Ba kwa tsoron 'yan bindiga ko masu fasa-ƙwauri su amfana da jerin?

Mun yi tunanin wannan. Masu ɓarna a ruwa sun riga sun san hanyoyinsu, wanda bai sani ba shi ne ma'aikacin lafiya da mai kai agaji. Duk da haka ba ma rubuta inda jami'an tsaro suke ko lokacin sintirinsu, kuma ba ma karɓar hoton madatsa ko gadar da ake gadi. Kada kowa ya shiga wurin da babu tsaro saboda mu, ko a yankin Shiroro, ko Zamfara, ko tsibiran Tafkin Chadi. Mutanen waɗannan wurare da yawa suna zaune a garuruwan da suka yi hijira, ana iya tambayarsu a can.

Ina zaune a Nijar ko Kamaru. Da ni a ciki?

Da ku. Jerin na Nijeriya ne, amma ruwan da ke wuce Gaya shi ke isa Lolo, na Garwa shi ke isa Yola, Komadugu Yobe kuma iyaka ce tsakanin Diffa da Borno. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya fita, ya shiga Nijar, ya komo ya zuba a Rima. Bayanin ɓangaren da ke ƙetaren iyaka muna sa shi a ƙarƙashin kogin, da alamar ƙasar da yake.

Ana biya? Kuma jerin na wane ne?

Ba a biya, ba a kuma sayarwa. Kowa yana iya kwafa, ya buga, ya karantar da shi, muddin bai sauya bayani ya jingina mana ba.

Zan iya dogara da jerin in yi tafiya?

A'a, kada ku dogara da shi shi kaɗai. Zai gaya muku ko akwai hanya, da lokacin da aka saba bi, da wuraren da za ku yi tambaya a kansu. Hukuncin ranar tafiya na matuƙin wurin ne. In ya ce yau ba a shiga, ba a shiga. Ku nemi rigar kariya, kada ku hau jirgin da ruwa ya kusa bakinsa, kada ku yarda da tafiyar dare.

Yaushe ya fi dacewa in fara?

Da bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya, duwatsu da tsibiran yashi da kututture suka fito fili ana ganinsu da ido. Ku je kwata ranar kasuwa da la'asar, bayan an sauke kaya matuƙa sun zauna. Ku rubuta abin da kuka gani da abin da aka gaya muku, kowanne dabam. Sannan ku koma wuri ɗaya a Satumba ku sake rubutawa, ku aiko da biyun tare.